Taswirar Claudius Clavus da Ɓatan Girinlan: Nazarin Kuskuren da Ya Haura Shekara 400

A ɗakin karatu na birnin Nancy, a gabashin Faransa, akwai wani littafi rubutun hannu da aka kwafa wa Kadinal Guillaume Fillastre a 1427. Littafin labarin ƙasa ne na Ptolemy, masanin nan na Iskandariya da malaman Larabawa suke kira Batlimus. Taswirorin da ke ciki na Batlimus ne, ban da guda ɗaya da aka ƙara. Ita wannan tana nuna Denmak da Norwe da Suwidin da Ayislan, sannan a can gefen hagu ga bakin wata ƙasa da aka rubuta wa Gronlandia. Ita ce taswira mafi tsufa da aka sani da ta kawo Girinlan da sunanta. Wanda ya zana ta ɗan Denmak ne, Claudius Clavus, haifaffen 1388 a ƙauyen Salling da ke tsibirin Funen.

Abin da ya sa lamarin Clavus ya cancanci a zauna a kansa shi ne yadda aikinsa ya rabu biyu a hannun waɗanda suka gaje shi. Ya kawo gaskiya ɗaya babba, wato inda Girinlan take. Ya kuma kawo sunayen wurare da ya ƙirƙira da kansa. Masu kwafa suka yar da gaskiyar, suka riƙe ƙirƙirar da hannu biyu.

Giɓin da Batlimus ya bari

Batlimus ya rubuta littafinsa wajen shekara ta 150 miladiyya. Ya jera wurare kusan 8,000, kowanne da lambobi biyu: nisansa daga layin da ya raba duniya biyu, da nisansa daga tsibiran da ke yammacin Afirka inda ya fara ƙirga. Duk wanda ke da alƙalami da ma'auni zai iya sake zana duniya daga waɗannan lambobi ko da bai taɓa barin ɗakinsa ba. Littafin ya iso Florence da harshen Girka daga Konstantinoful, Istanbul ta yau, a ƙarshen ƙarni na 14, Jacopo Angeli ya mai da shi Latin a shekarun farko na ƙarni na 15, malaman Italiya kuwa suka ɗauke shi tamkar ba a taɓa yin irinsa ba.

Sai dai duniyar Batlimus ta ƙare a digiri 63 arewa, a wani tsibiri da ya kira Thule. Duk faɗin Norwe da Suwidin bai san da shi ba. 'Yan tsibirai ne kawai ya ajiye a gabashin Denmak da sunan Scandia. Wannan kuwa abin kunya ne ga manyan cocin Rum, domin suna da manyan limamai a Lund da Uppsala da Nidaros, garin da ake kira Trondheim yau, har ma da kujerar bishop a Gardar cikin Girinlan tun ƙarni na 12. Ana karɓar zakkar coci daga ƙasashen da babban malamin labarin ƙasa bai san da zamansu ba. Ana neman wanda zai cike giɓin, kuma a cike shi da yaren Batlimus, wato da lambobi.

Clavus yana Rum a wajen 1423 zuwa 1424. A farkon 1424 Poggio Bracciolini, sakataren Paparoma kuma mafaraucin tsofaffin littattafai, ya rubuta wa abokinsa a Florence cewa wani mutumin arewa mai suna Nicolaus ya rantse ya ga cikakken tarihin Rum na Livy a gidan ibada na Sorø a Denmak, littafin da mafi yawansa ya ɓace tun da daɗewa. Aka tura a duba, ba a sami kome ba. Masana tarihi da yawa suna ganin wannan Nicolaus shi ne Clavus. Idan haka ne, to tun daga nan an ga halinsa: mutum ne da ya san abin da masu kuɗi da ilimi suke marmarin ji.

Amma ba hannu rabbana ya zo ba. Mutanen Norwe da Ayislan sun shekara fiye da 400 suna zirga-zirga zuwa Girinlan, tun da Erik Ja ya kai mutane suka zauna can wajen 985. Iliminsu na teku ba na digiri ba ne, na kwanaki ne da alamu. Wata tsohuwar ƙa'idar tuƙi da aka rubuta a Ayislan tana cewa daga gaɓar Norwe ka miƙe yamma sak, ka bi ta arewacin Shetland yadda da ƙyar za ka hango ta, ka bi ta kudancin tsibiran Faroe yadda ruwa zai rufe rabin duwatsunsu, ka wuce kudu da Ayislan ba tare da ka gan ta ba sai tsuntsayenta da manyan dabbobin ruwanta, sai ka faɗa kan kudancin Girinlan. Irin wannan sani Clavus ya tattara ya mai da shi lambobi. Shi ya sa ya dace a babban al'amari: Girinlan tana yamma da Ayislan, tana fuskantar Norwe, teku a tsakaninsu. Lambobin kansu ba aunawa aka yi ba, kintace ne aka sa wa rigar lissafi.

A lokacin ma hanyar ta riga ta mutu. Labari na ƙarshe a rubuce daga mazauna Girinlan 'yan asalin Norwe shi ne na wani ɗaurin aure a cocin Hvalsey a 1408. Bayan baƙin da suka halarta sun koma gida, shiru. Ke nan babu wani a Rum da zai iya tashi ya ce wa Clavus ba haka ba ne.

Sunayen da suka fito daga waƙa

Bayan ta Nancy, Clavus ya sake zana wata taswirar da ta fi ta cika. Ita kanta ta ɓace, amma bayanin da ya rubuta mata ya tsira a rubuce-rubuce biyu a Vienna, waɗanda wasu masana biyu 'yan Denmak, Axel Anthon Bjørnbo da Carl Petersen, suka nazarta suka buga a 1904. A nan Girinlan ta fito da gaɓarta ta gabas da ta yamma, kowane tsinin ƙasa da kowane bakin kogi da sunansa da digirinsa. Clavus ya ce ya ga ƙasar da idonsa. Ya ce ya ga wadanni masu tsawon kamu ɗaya da aka kama a teku cikin kwalekwalen fata, kuma kwalekwalen yana nan rataye a babban cocin Nidaros.

Da masanan biyu suka karanta sunayen gaɓar Girinlan ɗaya bayan ɗaya, daga arewa maso gabas su zagayo kudu su hau yamma, sai suka ji suna rera baiti. Kalmomin wata waƙar gargajiya ce ta mutanen arewa, mai ba da labarin wani mutum da ke zaune a bakin wani kogin Girinlan. Clavus ya yanyanka baitin, ya ba kowane wuri kalma ɗaya. Akwai tsinin ƙasa da sunansa ke nufin “akwai”, na kusa da shi “zaune”, wani “mutum”. A Ayislan sunayen haruffan tsohon rubutun arewa ya yi amfani da su. A gabashin tekun Baltic kuwa koguna ya ƙirga da yarensu: na ɗaya, na biyu, na uku, na huɗu. Bature ɗan Italiya da bai ji yaren Denmak ba zai karanta su ya ɗauka sunayen garuruwa ne na can nesa.

An yi ta muhawara ko zamba ce ko dabara. Masu kare shi suna cewa tsarin Batlimus ba ya karɓar wuri marar suna. Kowace lamba sai da kalma a gefenta, don haka ya sa alamomi ne kawai don ya riƙa gane wuraren. Fridtjof Nansen, wanda ya ratsa ƙanƙarar Girinlan da ƙafarsa a 1888, ya duba bayanin a 1911 ya yanke cewa Clavus bai taɓa taka ƙasar ba. Ni dai ina iya yi masa uzuri a kan sunayen, domin wanda ya so ya yaudari mutane da gaske ba zai jera kalmomin waƙa daki-daki yadda duk ɗan ƙasarsu zai gane ba. Abin da ba shi da uzuri shi ne “na gani”. Wannan kalmar ce ta hana waɗanda suka zo bayansa tambaya.

Na gaba a layin shi ne Nicolaus Germanus, Bajamushe mai sana'ar kwafa littafin Batlimus a Italiya, yana ƙawata shi da launi da ruwan zinariya yana kai wa manya. Ya kai wa Borso d'Este na Ferrara ɗaya a 1466, ya kuma sadaukar da wani ga Paparoma Paul na biyu. A kwafinsa na farko-farko ya bar Girinlan inda Clavus ya ajiye ta. Daga baya ya ɗauke ta cancak ya dasa ta a saman Norwe, ta zama wani hannun ƙasa da ya miƙo daga arewacin Turai, da sunan Engronelant. Sunayen waƙar suka bi ta can.

Da a rubutun hannu abin ya tsaya, da ɓarnar ba ta yi yawa ba. Henricus Martellus, wani Bajamushen a Florence, ya ci gaba da zana ta a wurinta na daidai, amma kwafinsa idanu kaɗan ne suka gani. Wanda ya shiga maɗaba'a shi ne gurɓataccen. A 1482 Lienhart Holle ya buga Batlimus a birnin Ulm daga kwafin Germanus, da taswirori 32 da aka sassaƙa a allunan katako, biyar daga ciki sababbi ne, ɗaya ta ƙasashen arewa. Holle ya karye a kan wannan aiki, wani Johann Reger ya karɓi allunan ya sake bugawa a 1486. Wannan ce taswirar arewa ta farko da aka buga, kuma ita masu zana taswira suka yi ta ɗauka har zuwa kan Martin Waldseemüller, mai taswirar 1507 da ta fara ɗaukar sunan Amurka.

Norwe da Suwidin, waɗanda su ma ba a zana siffarsu daidai ba, sun sami mai ceto. Olaus Magnus, limamin Katolika ɗan Suwidin da sauyin addini ya raba da ƙasarsa, ya buga babbar taswirarsa a Venice a 1539, a alluna tara, faɗinta ya kai mita 1.7. Shi ya yi tafiya da kansa zuwa can ƙuryar arewa a 1518 da 1519, don haka ya miƙe wa yankin tsayinsa daga kudu zuwa arewa yadda ya kamata. Mutane sun fi tuna ta da dodannin ruwan da ya cika tekun da su. Amma Girinlan ɗan gutsure kawai ya leƙo a saman takardar. Giɓin na nan.

Tsibirin da babu shi

A 1558 wani babban ɗan Venice, Nicolò Zeno, ya fitar da ɗan littafi da taswira. Ya ce kakanninsa biyu, Nicolò da Antonio, sun yi yawo a tekun arewa tun daga 1380. Jirgin na farko ya fashe a wani tsibiri mai suna Frisland da ya fi Ailan (Ireland) girma, wani basarake mai suna Zichmni ya cece shi ya sa shi aikin jiragensa. Akwai labarin Estotiland da Drogeo a can yamma, akwai gidan ibada a Girinlan da ake ɗumama shi da ruwan zafi mai ɓulɓulowa daga gindin dutse mai aman wuta. Ina wasiƙun kakannin? Ya ce yana yaro ya yayyaga su bai san darajarsu ba, da ya girma ya harhaɗa abin da ya rage. Taswirar ma ta ruɓe, shi ya sake zana ta.

Girinlan ta cikin taswirar Zeno ta koma yamma da Ayislan, siffarta ma ta yi kyau ƙwarai, abin da ya sa mutane suka gaskata. Amma a gaɓarta ga kalmomin waƙar Clavus nan a jere. Mutanen da aka ce sun yi tafiya a 1380 sun dawo da sunayen da wani wanda ba a haifa ba sai 1388 zai ƙirƙira. Sunayen Frisland kuwa an tsinto su ne daga Faroe da Ayislan aka ɗan murɗa su. Takardun gwamnatin Venice sun nuna Nicolò babba yana yi wa garinsu aiki a shekarun, kuma yana raye bayan lokacin da labarin ya binne shi a arewa. Duk wannan sai daga baya aka gano. Littafin Fred Lucas da ya warware zancen filla-filla sai a 1898 ya fito.

A lokacinta kuwa, taswirar ta shiga bugun Batlimus na Girolamo Ruscelli a 1561, ta shiga babbar taswirar duniya ta Gerardus Mercator a 1569, ta shiga kundin Abraham Ortelius a 1570. Matuƙin jirgi da ya buɗe uku ya ga Frisland a dukansu zai ce shaidu uku sun haɗu. Malamin hadisi da ya ga irin wannan zai bi isnadi ya tarar duk hanyoyin sun koma kan mai ruwaya ɗaya, wanda shi ma ya ce takardunsa sun yage. Masu taswirar wancan zamani ba su da wannan al'ada ta tambayar wa ya ji daga wa. Ba a arewa kaɗai ba: a Venice ɗin nan aka buga bayanin Afirka na Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a 1550, daga nan Cano da Casena da Zegzeg da Zanfara da Guber suka shiga taswirorin Turai, a jere kusa da kogin Neja da aka sa yana gangarawa yamma. A nan sunayen na gaske ne, Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir, wurin ajiye su ne aka yi ta kwafa daga baki ɗaya.

Kuskuren Zeno da ya fi cutarwa na lamba ne. Ya tura kudancin Girinlan sama da inda yake da digiri biyar ko fiye, alhali ainihin tsininta na kudu yana dab da digiri 60. A gurbin da ya bari, a nan ya zauna da Frisland.

A Yunin 1576 Martin Frobisher ya tashi daga Landan da ƙananan jirage, Gabriel da Michael da wani ɗan ƙarami, yana neman hanyar Sin ta arewa maso yamma, da taswirar Mercator a cikin kayansa. Ranar 11 ga Yuli, a digiri 61, ya hango ƙasa mai tsinin duwatsu lulluɓe da ƙanƙara. Girinlan ce. Ya duba takarda, takarda ta ce a digiri 61 Frisland ce, shi ke nan ya rubuta Frisland. Awonsa daidai ne, idonsa daidai ne, taswirar ce ta ba shi suna na ƙarya. A tafiyarsa ta uku, a 1578, har sauka ya yi ya karɓi ƙasar da sunan Sarauniya Elizabeth ya raɗa mata Ingila ta Yamma. Tsibirin da Zeno ya ƙaga ya sami shaidun gani da ido, da tutar Ingila a kansa.

Daga nan kuskure ya haifi ɗan'uwansa. Bayan “Frisland”, Frobisher ya ci gaba yamma ya shiga wani dogon ruwa tsakanin ƙasa biyu, ya ɗauka mashigi ne mai ɓullewa Asiya. A gaskiya lungun teku ne a tsibirin Baffin na Kanada, ba ya ɓullewa ko'ina. A can ne, a tafiyar 1578, ya kwaso baƙaƙen duwatsu fiye da tan 1,000 da jirage 15 yana zaton zinariya ce, masu zuba jari suka tafka asara. Masu zana taswira a Turai suka yi lissafi mai sauƙi: idan ƙasar farko Frisland ce, to ta gaba da ita a yamma ai Girinlan ce. Sai suka ɗauki mashigin Frobisher suka yanka kudancin Girinlan da shi, daga gaɓar yamma zuwa ta gabas. Haka yake a dunƙulen duniya da Emery Molyneux ya ƙera a Landan a 1592, haka ya zauna a taswirori har cikin ƙarni na 18. Mercator ma, a taswirarsa ta ƙuryar arewa da aka buga a 1595 bayan rasuwarsa, ya ware wa Frisland da'ira ta musamman a kusurwa, da garuruwanta da lungunanta.

Wanda ya sha wahalar wannan yanka shi ne Hans Egede, fasto ɗan Norwe da ya sauka yammacin Girinlan a 1721 yana neman zuriyar Kiristocin da aka daina jin ɗuriyarsu. Tsofaffin littattafai sun ambaci matsuguni biyu, na Gabas da na Yamma, kowa kuwa ya ɗauka na Gabas yana gaɓar gabas, inda Zeno ya ajiye gidan ibadarsa mai ruwan zafi. Gaɓar gabas ƙanƙara ta toshe ta daga teku. A 1723 Egede ya gangara kudu cikin ƙaramin jirgi yana laluben mashigin Frobisher don ya ratsa ta ciki. Babu mashigi. Abin da ya tarar shi ne kangon cocin dutse a Hvalsey, cocin da aka ɗaura auren 1408. Yana tsaye a tsakiyar Matsugunin Gabas ɗin da yake nema, domin duka biyun a ɓangaren yamma suke, ɗaya ya ɗan fi ɗaya gabas ne kawai. Bai gane ba, ya ɗauka na Yamma ne. Sai da Wilhelm Graah, hafsan sojan ruwan Denmak, ya bi gaɓar gabas a 1829 da 1830 cikin kwalekwalen fata da matan Girinlan suke tuƙawa, ya kai wajen digiri 65 bai ga kango ko ɗaya ba, sannan zancen ya fara mutuwa.

Frisland ba a kashe ta rana ɗaya ba. Jiragen kamun kifi sun yi ta ratsa wurin ba su ga ƙasa ba, wasu masu taswira suka rage mata girma, wasu suka ce nutsewa ta yi, har aka daina zana ta a ƙarni na 18.

Mashigin Frobisher shi ya fi daɗewa ba a san haƙiƙaninsa ba. Ko bayan an cire shi daga Girinlan an mai da shi Baffin, ana nan ana zana shi a matsayin hanya mai ɓullewa. A 1861 Ba'amurke Charles Francis Hall, wanda ya zo neman mutanen John Franklin, jagoran jiragen Ingila da suka ɓace a tekun ƙanƙara na arewa, ya zauna da mutanen Inuit na yankin, wasu mata da miji daga cikinsu, Taqulittuq da Ipirvik, suna yi masa tafinta da ja-gora. Wata tsohuwa ta ba shi labarin da ta gada daga kakanni: fararen mutane sun zo shekara uku a jere, da farko jirage kaɗan, a ta ƙarshe da yawa, sun haƙa ƙasa sun kwashi duwatsu. Aka kai shi wani ɗan tsibiri da suke kira Kodlunarn, ya ga ramukan haƙa da gawayin kwal da gutsattsarin bulo na mutanen Frobisher, shekara 283 bayan tafiyarsu. Ya bi ruwan har ƙarshensa ya tarar a rufe yake. A kusa da wannan ƙarshen ne garin Iqaluit, babban birnin yankin Nunavut na Kanada, yake a yau.